Lilon da Lado Ya Ɗaure a Reshe

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Guci ya san rumfar Lado, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana can gefen 'yan igiya, inda warin roba ke tarar mutum tun kafin ya ƙarasa. Tsofaffin tayoyi ne jibge, na kamiyo masu ɗaukar kaya da na ƙananan motoci da na moto mai ƙafa biyu, shi kuma yana zaune a tsakiyarsu da wuƙarsa da ɗan kwanon ruwan da yake tsoma ta don ta yi santsi. Taya in ta gama wahalar hanya, wurin Lado take zuwa ta fara wata. Ya yanko takalman makiyaya waɗanda ƙaya ba ta hudawa, ya ɗinka guga da robar ciki, ya fafe komin ban ruwan tumaki. Ko ɗan zaren robar da ya rage ba ya yarwa, masu moto na saye su ɗaure kaya.

Dogo ne siriri, kuma magana tsada take yi masa. In ka yi masa tayin da bai gamshe shi ba, ko albarka ba zai ce maka ba, wasa wuƙarsa kawai zai ci gaba da yi har ka gane da kanka. A gida ma haka yake, sai dai a da ba a lura, don matarsa Balkisu tana yin maganar mutum biyu. Ita ce ke hira da maƙwabta, ita ce ke faɗa da kaji, ita ce ke ba shi labari ta kuma amsa wa kanta. Da Allah ya yi mata rasuwa, damina biyu ke nan, sai gidan ya yi tsit kamar an yi ƙaura. Gimbiya, matar marigayi wansa, wadda danga ɗaya ce ta raba su, ita ke miƙo masa tuwo ta sama. Yakan ci a tsakar gida shi kaɗai, ya wanke kwanon, ya mayar ta inda ya fito. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, amma ba wanda ya taɓa jin ya faɗa.

'Ya'ya dai Allah ya ba su, ya kuma karɓe abinsa tun suna ƙanana. Ɗaya ce ta rayu, Zahara'u, kuma ita ce ta fari. A nan gizo ke saƙar, domin Lado mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Bai taɓa kiran sunanta ba. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. In zai ambace ta sai ya ce "yarinyar nan", da ta yi aure a Dogo-Dogo kuma ta koma "mutanen Dogo-Dogo". Wasu iyayen suna yin wannan kunya ne su kuma huce a kan ƙannen, su yi wasa da su, su goya su a wuya. Shi ba ƙannen. Duk son da ke cikinsa ya taru a kan mutum ɗaya wadda al'ada ta hana shi nuna mata, ya zauna da abinsa shekara da shekaru, yana ganin ai kowa ya sani.

Zahara'u ta haifi 'ya mace, aka sa mata Hanan, irin sunayen yanzu. Jika kuwa ba kunya tsakaninta da kaka, sai ma tsokana. Ran suna Lado ya ɗauke ta ya ce wannan amaryar ta cika ƙanƙanta, a mayar a kawo babba, mata suka yi ta dariya suna mamaki ashe yana da baki. Tun daga ranar ya fara lissafin yaye. An saba in za a cire yaro daga nono, gidan kaka ake kai shi ya yi 'yan makonni har ya manta, wani ma daga nan ya zauna ke nan. Balkisu ba ta nan, gaskiya ne, amma ga Gimbiya a bayan danga, ta iya dama kunu, ta iya rarrashi. A ransa ya gama yanke hukunci, Hanan gidansa za ta zo.

Da lokaci ya kusa, sai wata taya ta faɗo hannunsa, ta ƙaramar mota, mai laushi, ba tsaga ko ɗaya. Da ya yanka ta da ta ba shi takalma masu kyau. Ya juya ta ya sake juyawa, ya ɗora ta a ka ya kai gida.

A bayan ɗakinsa akwai ɗan fili inda Balkisu ke shuka kuɓewa da yakuwa, da itace biyu, tsamiya da darbejiya. Reshen tsamiyar ya fi ƙwari, amma ba mai hankalin da zai rataye jikarsa a tsamiya da abin da ake faɗa a kanta na iskoki. Darbejiyar ya zaɓa. Ya wanke tayar da toka da sabulu har ta daina baƙanta hannu. Ya bi bakinta da yatsa a hankali, duk inda ya ji tsinin waya ya ciro shi. Ya huda ƙasanta don kada ruwan sama ya kwanta sauro ya samu gida. Igiya kuwa sabuwa ya sayo, irin ta rijiya mai kauri, ya naɗe reshen da roba don kada igiyar ta ci itacen, shi ma kada ya ci ta. Sannan ya jingina tsani, ya hau da tsufansa.

Gimbiya ta leƙo ta saman danga. Tsakaninta da ƙanin miji ba a rasa tsokana.

"Lado, in rataye kanka za ka yi, bari na kwashe kwanona tukuna."

"Lilo ne," in ji shi.

"Na wa? Ko tsufa ne ya mayar da kai yaro?"

Ya sauko, ya cicciɓo buhun gero ya ɗora a kan tayar, ya tura. Buhun ya tafi ya dawo, igiyar na ƙara a hankali, reshen ko gezau. Ya daɗe a tsaye yana tura buhun gero, yana murmushi shi kaɗai. Ya share ƙarƙashin, ya tsince ƙaya da duwatsu, ya zubo yashi mai laushi.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Yara suka cika ƙofar gida, wasu daga lakwal, makarantar boko, ko allunansu ba su ajiye ba. Lado ya fito ya kore su. Ba mugunta ba ce, so yake Hanan ta fara hawa, kada a kawo ta ta tarar da ragowar wasu. Da suka ƙi daddara, suna tsallako danga in ya tafi masallaci, sai ya ja tayar sama ya ɗaure ta a jikin reshe inda hannunsu ba ya kai. Ta zauna can tana jiran mai ita.

Wata ranar kasuwa Zahara'u ta zo Guci a bayan moton mijinta Salisu, da Hanan a goye. Ta biya gidan Gimbiya tukuna, daga nan ta iso rumfa, ta durƙusa can gefe.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Ya mutanen gidan? Ya ruwa a wajenku?"

Idonsa na kan wuƙa. Ta amsa. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "An kusa yaye ta."

Ga maganar da ya yi wata da watanni yana jira, ta zo har gabansa ta durƙusa. Abin da ya rage ya ce a kawo ta. Kalma uku. Amma yaya zai buɗe baki ya roƙi 'yar fari abu, a tsakiyar kasuwa, kamar ya matsu? Ya sa hannu a bayansa ya ciro wasu 'yan takalman taya ƙanana da ya yanka tun tuni, ya tura su gabanta.

"To, Allah ya raya," ya ce.

A ganinsa ya gama magana, don wa zai yi wa yaro takalma in ba yana sa ran ganin sawunsa a gidansa ba? Ita kuma ta ɗan jira, ta ji ba ƙari, ta ɗauki takalman ta yi godiya ta tashi. Mutum biyu masu son abu ɗaya, kowa na jiran ɗaya ya fara, ina dalili.

Ya sayi gero mai kyau na kunu, ya sayi 'yar tabarma. Duk moton da ya tsaya a ƙofar gida sai ya miƙe. Makonni suka wuce. Ranar nan Gimbiya ta miƙo tuwo, amma ba ta saki kwanon ba.

"An kai Hanan yaye Dantchiao, wurin uwar Salisu."

Ta ci gaba, wannan karon ba wasa a muryarta.

"Ran da Zahara'u ta zo kasuwa, daga tsakar gidana ta hango tayarka a sama. Ta ce ta mece ce. Na ce lilo ka yi, ka kuma hana kowa hawa, don abin da na gani ke nan, ba ka gaya mini komai ba. Ka san abin da ta ce? Ta ce, 'Haka Baba yake, ba ya son hayaniyar yara. Ni ma tunda na taso ban taɓa zama kusa da shi ba. Kada na ɗora masa wahala.' Da niyyar kawo maka Hanan ta zo, Lado. Har kayanta ta ƙulla."

Ya karɓi kwanon ya ajiye. Ranar bai ci ba. Rashin Hanan ya yi masa ciwo, amma ba shi ne ya fi ƙona masa rai ba. Shekarun nan duka yana kau da kai don girman da 'yarsa ke da shi a zuciyarsa, ashe ita abin da ta gani kawai shi ne uba mai kau da kai. Ya yi baƙin ciki irin wanda bai yi ba tun rasuwar Balkisu.

Da safe ya hau tsani ya kwance tayar ta sauko, ya bar ƙofa a buɗe. Yara suka shigo ɗaya-ɗaya suna kallon fuskarsa, da suka ga bai ce komai ba sai gidan ya kaure. Yana zama a gefe yana yankan takalma, lokaci-lokaci ya ce a bi a hankali da ƙanana. Sai dai 'ya'yan mutane na mutane ne. Magariba na yi iyayensu mata ke ƙwala musu kira, su watse, a bar shi da yashin da ƙafafu suka tone da tayar tana juyi ita kaɗai har ta tsaya.

Ba a daɗe ba Zahara'u ta zo wurin Gimbiya neman maganin ciwon nono, irin na mai yaye. Lado bai sani ba, yana kasuwa. Da yamma ya dawo, ya shiga zaure, sai ya ji ƙarar igiya, ga shi kuma ba muryar yaro ko ɗaya. Ya leƙa ta gefen ɗaki. Ita ce zaune a kan tayar, bayanta ba goyo, ta riƙe igiyar da hannu biyu, tana tura kanta da ƙafa a hankali. Kewar 'yarta ce ta koro ta nan, kowa ya gani ya sani.

Da ya yi gyaran murya kamar yadda aka saba, da ta diro ta durƙusa. Maimakon haka sai ya ja da baya a hankali, ya fita, ya zauna a kan dakalin ƙofar gida. Ba a jima ba yaran unguwa suka iso a guje. Ya miƙa hannu ya tare ƙofar. Ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba, yadda za ta tsallake danga.

"Ku jira tukuna. Mai abin ce a kai."

Ƙarar igiyar ta tsaya. Lado ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa, yaran suna kallonsa. Shirun ya yi tsawo har ya fara tunanin ya yi ɓarna. Can sai ya ji igiyar ta sake motsawa, a hankali. Ya gyara zama a kan dakalin, bai shiga ba.