Bishiyar da Ba Ta Miya

A cikin adaidaita sahu na fara hango ta, wajen Ƙofar Kabuga, inda masu sayar da shuke-shuke suke jera kayansu. 'Yar ƙarama ce a baƙar leda, amma ta yi fure jaja-jaja mai tattara kamar bakin leshi. A littattafan soyayyar da na girma ina karantawa, kowace budurwa tana da lambun da take zama da yamma. Mu a gidanmu na Gwammaja sai turken rago da igiyar shanya. Na ce mai adaidaita ya tsaya.

Mai sayarwar ya faɗi sunanta da Turanci, kafin in kai gida ya ɓace mini. Na fasa simintin gefen rijiya na dasa ta.

Baffa, yayan mahaifina, shi ne babba a gidan, kuma ragon layyarsa ya fi wasu 'ya'yan gata. Ina cikin dasawa Baffa ya tsaya a kaina.

"Ke, wannan me take haifa?"

"Fure, Baffa."

"A miya ake sa shi?"

"A'a."

"Magani ne?"

"Kallo ne."

"To, Allah ya shirya. Da zogale kika dasa da mun ci kwaɗo."

Rijiyarmu ƙafewa take da rani, ruwa sai na 'yan garuwa, don haka aka hana ni ɗiban ko kofi ɗaya saboda ita. Sai na koma yin alwala a gindinta. Wa zai hana ni alwala? Ruwan wankin shinkafa ma ban bari ya tafi kwata ba.

A rani na biyu ta zubar da ganye kaf, ɓawonta ya riƙa saɓulewa. Haka ɗabi'arta take, amma Baffa ya ce ta mutu. Na dawo daga makaranta na tarar ya sassare rassan da adda, ya ɗaure ragonsa a kututturen.

Ban yi kuka ba. Na kwance ragon na mayar da shi tsohon turkensa, a gaban kowa. Mahaifiyata ta dafe ƙirji, don a gidanmu mace ba ta taɓa igiyar ragon Baffa.

"Wa ya kwance?"

"Ni ce, Baffa. Da ranta." Na kankare ɓawon da farce, na nuna masa ɗanyen kore.

"Littattafan nan sun gama da ke."

Kullum ya ɗaure, kullum in kwance, har ya gaji. Na kife mata tsohon kwando saboda awaki, na ci gaba da alwalata.

Da damina ta sauka, tsiro ya feso ta ko'ina a jikin kututturen. Ashe a sabon reshe take fure, saran ma ƙara mata ƙarfi ya yi. Furen shekarar har ta saman katanga maƙwabta suke gani. Tun daga nan ni da kaina nake rage mata rassa duk rani, da addar Baffa.

Yanzu ta wuce soro tsawo. Baffa ya tsufa, gwiwa ta hana shi kiwo. A gindinta ake shimfiɗa masa tabarma, yana tsince fure daga cikin furarsa yana mita. Har yau bai ce tana da kyau ba, ni ma ban tambaye shi ba.