Turmin da Na Ba Malam

Me ya sa na ba shi turmin da ya tsage, alhali sabon yana ɗaki? Shekara uku ke nan ina tambayar kaina. Rubuta haka, 'yata, kada ki gyara mini.

Mijina, Allah ya jiƙansa, shekara talatin da biyar ya yi yana jera takardu a ofis a Gwiwa. Da ya yi ritaya ya sayi tsohuwar mota, washegari ya wayi gari bakanike. Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai taɓa ɗinkawa ba.

Da ita yake zuwa kasuwar Babura sayen hatsi. Hanya ta cinye mata ƙafar gaba. In ta faɗa rami sai ka ji ƙwaram, kamar an watsar da kwanuka, sitiyari yana ja gefe guda. Na ce, "Malam, ka kai ta Kazaure, wurin masu gyaran ƙafa."

Ya ce, "Su da ba su gama firamare ba? Hajiya, na ga yadda ake yi a waya."

Lallai ya gani. Wani Bature ne a ɗaki mai siminti, da ƙarafan da ke riƙe mota a sama. Mu kuwa yashin tsakar gida muke da shi, da kaji.

Robobin ƙafar motar da suka cinye, ya yanko madadinsu daga tsohuwar taya da wuƙar yankan namana. Kwana biyu yana dukan wani ƙarfe mai kai kamar gwiwar rago, wai bol joyin, ƙarfen ya ƙi fita. A rana ta uku ya ce sai ya danna shi da jak, kuma jak ɗin guda ne, shi ke ɗauke da motar. Don haka yana son abin da zai tokare ta.

"Ara mini turmi."

Na ce, "Yau kuma sakwara motar za ta ci?"

Ya yi dariya. Na shiga ɗaki na tsaya a kan turmi biyu. Sabon ko wata bai yi ba, na tuna baƙin mai zai ɓata shi. Na gangaro masa da tsohon, wanda na ɗaure tsagarsa da waya. Mai hankali ke nan, mai tattalin kaya. Sabon yana nan har yau, fes, babu ɗigon mai. Ban taɓa daka komai a cikinsa ba.

Ina madafa na ji ƙarar. Ba ta kai ta faɗuwar murfin tukunya ba. Turmin ne ya dare, motar ta sauko a kansa. Kafin maƙwabta su taru su ɗaga motar, an gama.

Masu ta'aziyya, Allah ya saka musu, duk sun zama injiniyoyi. Wannan ya ce da kututture aka sa, wancan ya ce da bulo. Kwana uku Malam yana kwance a ƙarƙashinta suna wucewa suna cewa sannu da aiki. An ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma ni na zaɓi turmin.

Kafin in shiga madafa na tsuguna na leƙa shi, na ce ya fito ya ci abinci. Fuskarsa duk baƙin mai, yana murna ƙarfen ya fara motsi. Ya ce, "Hajiya, matsa, kin tare mini haske. Zuba mini, ga ni nan fitowa."