Ranar da Baturen Majigi Ya Buɗe Baki

Yayana yana da gidan kallo a Rano, rumfar kwano ce da bencina da farin ƙyalle. Filin ba nasa ba ne, na wani ɗan siyasar unguwarmu ne da kowa ke kira Onarabul. Aro ya ba shi, kuma duk unguwa an san ranar da ya ga dama zai karɓe abinsa. Da rumfar nan Yaya yake ci da iyalinsa.

Ranakun da babu ƙwallo, bayan la'asar, mukan saka tsofaffin finafinai marasa launi na wani Bature ɗan barkwanci, siriri kamar sillen kara, wanda ba ya magana. Ni ne bakinsa. Nakan tsaya gefen ƙyalle da makirfo ina zuba masa zance yadda na ga dama. In ya faɗi in ce santsin kunu ne, in ya ruga in ce zai tari motar Kibiya. Na taɓa aurar da shi a Zurgu, na sa shi cinikin akuya a Lausu. Kowa ya san duk abin da Baturen nan ya faɗa daga cikina ya fito, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Wata rana Yaya ya dawo daga Kano da sabon fim ɗin Baturen. Ba mu duba ba, don man janareta ba ya isar mu kallo biyu. Ranar ce kuma Onarabul ya ga damar leƙowa da yaransa, aka ajiye masa kujerar roba a gaba.

Ana kunnawa sai na ji Baturen ya buɗe baki yana Turanci. Ashe wannan daga cikin na farkon da ya yi ne bayan an fara saka sauti. Na ce to, yau aiki ya yi sauƙi, abin da ya faɗa kawai zan mayar da Hausa.

A fim ɗin shi mai shara ne a ofishin wani shugaban gari mai tumbi. Shugaban ya tara jama'a zai buɗe sabon famfo. Kafin taro ya ja yaronsa gefe ya ce masa ya ɓuya bayan katanga da duro, ya dinga tura ruwa har masu hoto su tafi.

Na fassara rabin maganar kafin na gane abin da nake faɗa. Ba a daɗe ba Onarabul ya buɗe rijiyar burtsatse a bayan gari, da kiɗa da yanke ƙyalle, ta yi ruwa ranar taro, daga nan ko ɗigo. An ce da tanka aka cika ta. A ɓoye ake faɗa.

Can baya wani ya tuntsire da dariya ya toshe baki da hula.

Babban yaron Onarabul ya miƙe ya ce, “Malam, da wa kake?”

Na ce, “Wallahi abin da mutumin ya faɗa ke nan. Ban ƙara komai ba.”

Ya ce, “Yau ne ba ka ƙara ba? Wanda ka aurar a Zurgu?”

Na shekara nawa ina yi wa mutanen nan ƙarya suna tafi, yau na faɗi gaskiya babu mai yarda. Haushi ya kama ni, tsoro ya fi shi yawa. Na dubi Yaya a wajen majigi, gumi ya jiƙa masa riga. In ya kashe fim, ya amsa cewa da Onarabul ake. In ya bari, Allah kaɗai ya san abin da ke gaba. Ya yi mini alama da ido in rufe bakina.

Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, na yi shiru.” Na kashe makirfo, Yaya ya rage sauti har ƙasa.

Sai dai mun manta Baturen nan ya ƙware tun ba ya magana. A fim ɗin, bayan taron ya watse, ga shi ya zo da bokiti. Ya murɗa famfo, babu komai. Ya kara kunne. Ya leƙa da ido ɗaya. Ya bi bututun da rarrafe har bayan katanga, ya tarar da yaron shugaba yana barci a cikin duro. Ya juyo ya kalle mu, mu da ke Rano, da fuskar nan tasa ta maraya.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa ƙin dariya kamar ta ba. Wani dattijo Bafulatani da ke tsaye bakin ƙofa da sandarsa ya ce, ba da wasa ba, “Ni ma jiya na kai shanu can. Haka na dawo.”

Onarabul ya tashi a hankali ya karkaɗe babbar rigarsa. Bai kalle ni ba. Yaya ya bi shi har mota yana “Ranka ya daɗe, a yi haƙuri,” aka ja gilashi.

Da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofar rumfa. Yaya ya kwashe bencinansa a kura, ya sayar da majigin, ya koma gonar mahaifinmu. Bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. A gari kuwa har yau akwai masu riƙe mini hannu suna cewa na yi jarumta, ni da na durƙusa na kashe makirfo.

Bara muna cirar gyaɗa, mu biyu kawai, ya tsaya ya dafa ƙugu ya ce, “Ƙanena, abu ya wuce. Tsakaninka da Allah, Baturen ne ya faɗa, ko kai ne?”

Na ce, “Yaya, Baturen ne.”

Ya dube ni. Sannan ya yi ɗan murmushi ya ce, “To, ai na yafe maka tuntuni.” Ya sunkuya ya ci gaba da cirar gyaɗarsa.