Kwandon Neimon

Shekara ashirin da uku Neimon tana ciyar da kwamitin Amurka, ba ta san ko loma ɗaya ba ta taɓa shiga cikinsu ba.

Tana 'yar shekara tara aka kwashe mutanen tsibirinsu bayan gwajin bam na Amurka ya bar guba a ƙasar, aka zube su a wani tsibiri mai duwatsu da ko kwalekwale ba ya son tsayawa. Nan ta yi aure, ta haifi bakwai, ta binne uku. Ƙasa ta wajen uwa ake gadonta, don haka da gyatumarta ta rasu, maganar dangi ta dawo bakinta.

Duk shekara kwamitin da gwamnati ta ɗora wa sa ido kan masu ƙera bam yakan iso a farin jirgin ruwa, manyan masana masu jan wuya kamar zakaru, kowa rungume da kwalbar ruwansa. Baƙo ba ya tafiya hannu rabbana, sai Neimon ta aika 'ya'yanta tsohon tsibiri su kamo ƙaguwar kwakwa, ta dafa, ta cika kwando. Shugabansu, Dakta Halvorsen, ya karɓa hannu bibbiyu har da rusunawa. Ashe a jirgi leda ake sa wa abincin, a manna lamba, a kai ɗakin gwaji a auna gubar da ke ciki. Kukunsu ne ya yi suɓutar baki har maganar ta iso kunnenta.

Shekarar da suka zo da takardar cewa tsibirin ya warke, sa hannunta kawai ake jira a kwashi jikoki a koma. Ta fi kowa so. Kakanninta can suke kwance, ga tsufa ya fara taɓa ta.

Ta buɗe kwandon a gaban jama'a, ta fasa ƙaguwa, ta miƙa wa Dakta Halvorsen.

"Ci mana, Dakta. Ta gidanmu ce, wanda ka ce ya warke."

"Mama, na ƙoshi, yanzu na ci a jirgi."

"Kullum a ƙoshe? Kai, wannan ciki naka da albarka yake!"

Mata suka kwashe da dariya. Ya shiga zayyano alƙaluma, zufa na keto masa.

"Bar ƙidaya, ɗana. Ƙafa ɗaya kawai."

Bai ci ba. Duk ilimin da ya cika jirgi ya kasa haɗiye ƙafar ƙaguwa. Neimon ta ninke takardar ta mayar masa ba tare da ta sa hannu ba, tana sane da abin da ta hana kanta.

Jikokin sun girma a kan duwatsun. Ita ma nan aka binne ta, tafiyar kwana biyu daga ƙasarta.