Usaini Mai Tari, Wanda Ya Hana Majinyata Zaman Sito

Kafin a gama sharar barandar ƙaramin asibitin, Malam Usaini ya riga ya jingine babur ɗinsa, ya jera masu tarin fuka a kan benci. Ba ya miƙa maka ƙwaya ya juya baya. Sai ka haɗiye a gabansa, ka buɗe baki ya leƙa, ko kai dagaci ne. Ƙauyukan Kura da Bunkure ba su san sunan mahaifinsa ba, Usaini Mai Tari suke ce masa, shi kuma ya amsa. A wannan watan zai ajiye aiki, kuma wallahi abin ba daɗin ji.

Duk wanda ya san shi ya san maganar Isiyaku, wani manomin shinkafa da ya sha magani a hannunsa har gwaji ya nuna ya warke. Da ya koma gida, yayansa Maikuɗi ya tausaya masa.

"Kai da shiga ruwan gona an gama," in ji Maikuɗi. "Zauna a sito, inuwa ce. Ka riƙa juya buhuna kawai."

To, kowa ya san halinmu a nan. Ana gaggawar yanke shinkafar damina don a sami filin dashen tumatir, sai a ɗura ta a buhu ba ta gama bushewa ba. In ka buɗe sito, wari ne zai fara yi maka sallama. Funfuna kore-kore a bakin buhu, ka buga shi ƙura ta turnuƙe. A cikin wannan ƙurar Isiyaku yake wuni, kowa na cewa ya huta.

Tari ya dawo, wannan karon da jini. Malam Usaini ya aika da kakin Isiyaku gwaji, aka ce babu tarin fuka. Ya sake aikawa, babu. Dangi suka matsa a mayar da shi kan tsohon maganin, Malam Usaini ya ƙi. Ya ɗauke shi da kansa zuwa babban asibiti a Kano, inda likita ta duba hoton ƙirji, ta zaunar da Malam Usaini ta yi masa bayani. Da ya dawo, ya sami Maikuɗi a ƙofar sito.

"Alhaji, dukkanmu muna shaƙar wannan ƙurar," ya ce. "Mai lafiya, huhunsa na da masu gadi, suna cinye ta kafin ta zauna. Amma tarin fuka in ya tafi yakan bar rami a huhu, inda masu gadin ba sa kaiwa sosai. Nan funfuna ta shiga ta dunƙule. Jikin Isiyaku na ta faɗa da ita a bakin ramin, faɗan kuma yana cin huhun."

Maikuɗi ya juya ya dubi buhunan. "Malam, wato inuwar da na ba shi ce?"

"Babu wanda ya sani a cikinmu, Alhaji."

Malam Usaini, kai ne ka riƙa kai wa Isiyaku sabon maganin har gida, ranar aiki da ranar hutu. Kai ne ka bi masallatai bayan sallar la'asar kana roƙon a shanya shinkafa ta bushe, a rufe hanci in za a buɗe sito. An yi maka dariya, an ce Mai Tari ya koma leƙen buhunan mutane. Wani ma ya kore ka daga ƙofarsa, washegari ka koma. Gatan masu wahalar numfashi, ba a taɓa kiran sunanka a taro ba.

Sai dai maganin ya zo a makare. Isiyaku ya yi ta ramewa, har zuwa masallaci ya gagare shi, kuma a makon jiya Allah ya karɓi abinsa. A wurin zaman makoki Maikuɗi ya riƙe hannun Malam Usaini da hannu biyu, yana hawaye a gaban mutane.

"Malam, in ka tafi, wa zai riƙa faɗa musu?"

Malam Usaini ya sunkuyar da kai.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya, ya jiƙan Isiyaku. Mu kuwa da muka ji, faɗar ta dawo wuyanmu, ma'aikaci da manomi. In naka ya tashi daga tarin fuka kana son ka tausaya masa, ka shimfiɗa masa tabarma a waje inda iska ke kaɗawa, kada ka ba shi makullin sito.