Inna 'Yar Fasto a Bani Malik

Sai da mahaifiyata ta fara manta sunana sannan na san wane ne kakana. Kafin nan abin da na sani kaɗan ne: fasto ne na ɗarikar Baptis, ya rasu ina jaririya, kuma ba a kawo zancensa a gidanmu. Inna ta musulunta tun kafin ta auri babana. Mace ce mai tsare salla, mai ƙarancin magana. Idan muka tambaye ta ƙauyensu sai ta ce yana da nisa, ta samo mana aike.

Ina aikin jinya a wani asibiti a Jidda, ina zaune a wani tsohon bene a Bani Malik. Bayan rasuwar babana, yayana ya kira ni daga Kaduna ya ce Inna ta fara ɗora tukunya ta manta, har ta kan tsaya a tsakar gida tana neman ƙofar ɗakinta. Na roƙi kafilina, wato wanda ya tsaya mini na zo aiki ƙasar, aka samo mata bizar ziyara, don ta yi Umra, likita kuma ya duba ta. Umrar ta yiwu, a keken guragu. Likitan kuwa ya kalli hoton ƙwaƙwalwarta ya faɗa mini abin da na riga na sani, cewa ciwon mantuwa ne, ba ya komawa baya.

Tana manta jiya da shekaranjiya, sai ƙuruciyarta ta dawo mata fes. Ina shafa mata mai a ƙafa da yamma, ita kuma tana magana, ba lallai da ni ba. Da haka na tsinci labarin, gutsure-gutsure.

Kakana yana cikin samarin farko na yarensu da suka shiga makarantar Littafi Mai Tsarki. Da ya gama aka tura shi wani ƙauye a hayin kogi, gindin dutse, inda babu hanyar mota, babu kuma wanda ya taɓa jin abin da ya zo da shi. Ya isa da matarsa da keke da fartanya. Mai gari ya ba shi fili can bayan gari, wurin da ake cewa iskoki na zama. Shi ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa ya gina majami'ar, ya yi mata jinka. Albashi ba ya isowa sai an manta da shi, don haka dawa yake nomawa kamar kowa. Shekarun farko matarsa da 'ya'yansa kaɗai yake yi wa wa'azi, sai wata tsohuwa kurma da ke zuwa don inuwa. Daga baya mutane suka fara zuwa, saboda yana wanke gyambo yana kuma koya wa yara karatu. Idan rani ya yi, ruwa ya ja baya, sai ya shiga kogi har ƙugu ya yi musu baftisma.

Kogin nan ne ya cinye masa iyali. Da damina ba a ƙetare shi. Ƙyanda ta ɗauke masa yara a shekara guda, asibiti na can ƙetare. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, an ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa har bakin ruwa, aka tsaya ana kallon ambaliya. Inna ce babba, ita ta goyi jaririn, wanda shi ne kawuna. Ita ke tuƙa tuwo, ita ke share majami'a, ita kuma ke buga ƙarfen kiran sujada ranar Lahadi, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin ɗorawa. Da ta girma ya tura ta birni karatun malanta, can ta musulunta. Bai tsine mata ba, bai kuma sake kiran sunanta ba. Ranar da ta koma ƙauyen, an riga an binne shi.

Wata Lahadi da hantsi ina wurin aiki, maƙwabciyata ta kira ni. Dattijuwa ce haifaffiyar Jidda, kakanninta mahajjata ne da suka zo a ƙafa daga ƙasarmu, ita nake bar wa Inna. Ta ce ta shiga wanka ta fito ba ta gan ta ba. Na tari tasi. Kafin na iso maƙwabciyar ta same ta a bakin titi, gaban shagon wani mai facin taya, ba abaya, ba takalmi, ta tsuguna tana buga wani ƙarfen ƙafar mota da dutse. Mutane sun taru suna kallo. Mai shagon ya ba ta ruwa ta ƙi karɓa.

Na ce, "Inna, taso mu je gida."

Ta ce, "Ba su fito ba tukuna. Baba zai ce ban buga da ƙarfi ba."

A hanya ta fara rera wata waƙar sujada da yarensu, muryarta ƙarama kamar ta yarinya. Maƙwabciyar ta lulluɓe ta da mayafinta, ta ce mini a hankali, "Ya binti, wannan ba laifinta ba ne, Allah ya ɗauke mata alƙalami. Amma ki riƙa kulle ƙofa. Ba kowa zai gane ba, ke kuma iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, a hannun mutane take."

Daga ranar na sa kwaɗo. Inna ta kan tsaya a jikin ƙofar tana roƙona in kai ta wurin Baba, ta ce hadari ya haɗo, kogi zai cika. Wani lokaci ta yi alwala ta tayar da salla daidai, wani lokaci ta tsaya a tsakiya ta rasa wadda take yi. Ni ma na daina sanin addu'ar da zan yi mata, ban da Allah ya sassauta.

Na nemi kawuna a waya, ko akwai abin da ya rage a ƙauyen da zan nuna mata ko da a hoto ne. Yana zaune a ɗakin haya a wani gari, tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Ya ce, "'Yata, babu kowa can. An kwashe kwanon da aka rufa wa majami'ar daga baya, bango ya zube, ɗorawar ma an sare. Kabarin Baba ko ni ba zan gane shi ba yanzu. Wanda ya je dubawa bara bai dawo ba."

Na miƙa wa Inna wayar. Da ta ji muryarsa sai ta gyara zama, ta rage murya.

Ta ce, "Baba, na ɗora tuwo. Yaushe za ka dawo?"

 Ya ce, "Ina hanya. Ki kula da ƙaninki."

Ta ce to, ta ba ni wayar, ta shiga kicin tana neman muciya. A ɗaya ɓangaren ina jin tsoho yana kuka. Bai ƙara yarda ya yi magana da ita ba, ya ce ba zai iya ba, kuma kafin damina ta kama ya rasu. Ban gaya mata ba.

Da bizar ta ƙare aka ƙi sabuntawa. Na je ofishi, na sa a yi mini magana, amsa ɗaya ce: halas, magana ta ƙare, sai ta fita. Na ɗauki hutu na raka ta Kaduna. A jirgi ta yi ta murna, tana tsammanin hayin kogi za mu. Da muka shiga gidan yayana ta dubi bangon, ta dube mu, ta tambaya ko nan ne za mu jira ruwa ya janye. Yayana ya ce e.

Na dawo Jidda ni kaɗai, don aikin nan ne ke sayen maganinta. Ina kiran su duk Juma'a. Matar yayana ta kan kara mata wayar a kunne, in yi ta gaisuwa. Ta daina magana tun watannin baya, sai numfashinta nake ji.