Subiyar Kwana Tara

A unguwar Jarwal ta Makka aka haife ni, a ɗakin gwangwani, kuma har na yi aure ban taɓa wuce Jidda ba. Wannan shi ne dukan uzurina, kuma har yau ban ga wanda ya isa ya ƙwace mini shi ba.

Maigidana ga-ruwa ne. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, ya yi shekara shida yana cirar auduga a Sudan kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa. Ba shi da takarda ko ta ƙunshe barkono. A layinmu kuwa akwai wani dattijo cikin masu sandan nan da ke kora mutane salla, suna shinshina bakin masu shan taba. Shi ma ɗan Hausa ne, ta Sudan ya biyo, amma ya manta. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a zane mutum a bainar jama'a, a sa shi a jirgi. Sai maigidan ya ga dabara ce ya gayyace shi shan ruwa, wani azumi da ya faɗo tsakiyar zafi.

Ya ce in yi subiya. Subiya ai ba wani abu ba ne: sha'ir da busasshen burodi ake jiƙawa, a tace, a sa sukari da kirfa da hel, ɗan ƙamshin nan da Larabawa ke sa wa gahawa, a bar ta kwana biyu ko uku ta ɗan yi tsami. Na haɗa a tulu ran Talata. Ran Alhamis mai sanda ya aiko wai sai Alhamis ta sama. To, in zubar? Da sukarin da na sha layi a kansa? Haba! Na ce abin da ke hana tsami ai zaƙi ne. Na juye sauran sukarin gidan a tulun, na ƙara dabino da zabibi, na ɗaure bakin da ƙyalle saboda ƙuda, na tura shi lungu inda gwangwani ya fi ɗaukar rana. Tulun ya yi ta tsaki kamar tsohuwar da aka taka wa tabarma. Ni kuwa daɗi nake ji, na ce aiki take yi.

Ranar da za su zo, bayan la'asar na kwance ƙyallen. Wani ƙamshi ya doke ni har ido ya kawo ruwa. Ɗanɗanawa babu hali, ina azumi. Na tace, na sanyaya, na miƙa.

Su bakwai ne a tsakar gida har da maigidan, ni ina bayan labulen buhu ina leƙe. Igwar shan ruwa ta tashi, aka ci dabino, kowa ya kai kofi baki. Sai shiru. Wallahi ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Fuskar mijina ta koma kamar toka. Kowa ya riƙe kofinsa yana kallon mai sanda, mai sanda yana kallon kofi.

Sai daga baya na gane abin da ya ɗaure su. Duk wanda ya ce "wannan giya ce", tambaya ɗaya za a yi masa: kai ina ka sani? Wanda ya ajiye kofi ma ya faɗa ke nan. Wani tsohon tela ya yi gyaran murya ya ce, "Kirfar ta ɗan yi yawa." Duka suka ce ƙwarai, kirfa ce. Suka shanye tas, bayin Allah, don kare mutuncinsu. Telan nan har ya yi kukan tunawa da kasuwar garinsu kafin a ɗauke kwanoni.

Da suka watse, maigidan ya faɗo ɗaki.

"Ke! Kin kashe ni. Marisa kika dama mana, giyar Sudan, kuma wadda ta fi ta Sudan ɗin ƙarfi!"

Na hango bulala a bayansa, na hango jirgi, na hango kaina da goyo ba miji. Amma bakina bai san tsoro ba. Na ce, "Malam, kai ina ka san marisa?"

Kafin ya buɗe baki, aka yi sallama a ƙofa. Mai sanda ne ya dawo, wai ya manta carbinsa. Na ji ya matso kusa da labulen, ya yi ƙasa da murya.

"Ka gaya wa uwargida, kwana uku ake yi. Kuma idan za a sa dabino, ba a rufe baki."

Daga ranar bai sake tambayar mijina takarda ba, mijina bai sake gayyatarsa ba, suna haɗuwa su gaisa da ladabi mai yawa. Sauran tulun na juye shi a kwata, ina istigfari, kajin maƙwabta suna bi suna tangaɗi.

Shekara talatin da wani abu muka yi tare da mijina bayan nan, tambayata tana nan ba amsa. Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, mu takwas ne a gidan nan ranar, ni kaɗai ce ban taɓa sanin ɗanɗanonta ba, kuma ni aka yi wa faɗa.